Kwarurrukan Gure: lambu a gindin tudun rairayi

 Kusan kowane zaman zubi yanzu sai an tayar da maganar lambu. Wasu na son karɓar bashi daga akwati su shiga noman rani, wasu kuma na tsoron kada kuɗin jama'a ya nutse cikin ƙasa. Kowa da gaskiyarta. Da gardama ta yi tsawo, sai iyayenmu shugabanni suka ce gani ya kori ji, suka tashe mu, mu ƴan kaɗan, zuwa ƙasar Gure cikin ɗarin bana. Dalilin zaɓen Gure kuwa, wuri ne da ruwan sama yake tsayawa wajen milimita 300 a shekara, wata shekara ya ɗara, wata ya gaza, amma duk da haka daga can ake fito da dabino da rogo da rake da kayan miya. In lambu ya yi a can, to akwai abin koyo.

Hanya

Daga Damagaram gabas ake nufa, bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta wuce har Difa da Gigimi. Tafiyar kilomita 160 ce da ɗoriya. Farko sai Mirya, garin tukwane da lambuna. Can gaba Gidimuni, inda tafki ya kwanta kusa da gari, dabino da rake sun kewaye shi. Sai Gidigir mai babbar kasuwa. Daga nan ƙasa take sake kama. Itatuwa su yi ta raguwa, gonakin hatsi su yi nesa da juna, rairayi ya fara hawa tudu-tudu, ba abin da ke bisansa sai kalumbo da ɗaiɗaikun aduwa da kandili.

Garin Gure yana zaune ne a jikin duwatsun Muniyo. A ƙidayar 2012 gundumar tana da mutane sama da dubu 300. A kasuwa za ki ji Barbarci da Hausa da Fillanci, ga Tubawa da Buzaye da Larabawa da raƙumansu. Ƙauyukan da muka shiga yawancinsu na Mangawa ne, kafin mu dawo kuwa bakinmu ya saba da “wushe, wushe”, wato sannu sannu.

Noman lambu ba baƙo ba ne a nan. Tun cikin watan Disamba na 1852 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin sarkin Muniyo Koso, ya kuma rubuta labarin lambunan ban ruwa da kanwar wannan ƙasa. Kun ga ke nan sana'ar ta girmi duk wani furoje.

Mene ne kwari?

In kina bisa kwalta, da wuya ki ga lambu. Sai an sauka an bi rairayi da amalanke ko mota mai ƙarfi, an hau tudu, sannan kwatsam ki hangi kore can ƙasa, kamar an ajiye ƙwarya cike da ganye a tsakiyar rairayi. Shi ne kwari. Ma'aikata da Faransanci suna ce masa kubet, wato daro, sunan kuma ya dace da siffarsa. Irinsu dubbai ne, tun daga ƙasar Gure har Gudumariya da Maine Sorowa. Wani bai fi filin ƙwallo ba, wani kuwa sai ki gaji da tafiya ba ki kewaye shi ba. Daga cikin sanannu akwai na Kilakina da Balla da Gasafa.

To ina ruwan yake fitowa? Ruwan saman da ya sauka bisa rairayi ba ya gudu, nutsewa yake ya taru a ƙarƙashi. Gindin kwari kuwa ya faɗa ƙasa sosai, don haka ya kusanci wannan ruwan. Ƙasar wurin ma dabam take da ta tudu: baƙa-baƙa ce mai laka, ragowar tafkunan da suka kwanta a nan tun zamanin da ƙasar take da ruwa.

Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin wurin. Kamar ɗinkin faifai yake, zagaye cikin zagaye. Daga waje, a gindin tudu, goruba ce ta yi kewaye, ita ke tare iska da rairayi. Bayanta dabino da sauran itatuwan marmari. Can ciki filin shuka, inda rogo da masara da rake da fangalin kayan miya suke. A tsakiya kuma, inda ya fi zurfi, ko dai ruwa ya kwanta, ko farin fili na kanwa wanda ba abin da ke tsira a kansa. Kowane zagaye da aikinsa, kuma na waje shi ke tsare na ciki.

Masana sun kasa kwarurruka gida uku bisa zurfin ruwa. Akwai wanda ruwansa bai kai mita ɗaya da rabi ba, nan rogo da rake da ayaba suna sha da saiwarsu, ban ruwa kaɗan ne. Akwai na tsaka-tsaki, daga mita ɗaya da rabi zuwa 4, nan sai da rijiya. Akwai kuma wanda ruwa ya wuce mita 4, yawancin irinsa an bar wa goruba da dabbobi da noman damina. Dattawan da muka zanta da su sun nuna mana wuraren da suka ce suna yara da hannu ake tona ruwa, amma tun farin 1973 da na 1984 ruwan ya ja baya. Kwari yakan sauka daga aji na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku. Wannan magana ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Cikin lambu

Lambun da muka fi daɗewa ciki na wani dattijo ne da iyalinsa, a wani kwari kudu da gari. Ba shi da girma, cikin minti kaɗan za ki kewaye shi. Muka yi sallama, “Sannu da aiki, Baba, sannu Inna,” aka shimfiɗa mana tabarmar kaba a inuwar dabino, aka sara mana rake.

Hawa uku lambun yake. Sama dabino. Ƙarƙashinsa lemun tsami da gwaba da mangwaro da gwanda. Ƙasa kuma fangali a jere: salati, kabeji wanda muke ce wa shu, karoti, albasa, tumatir, tattasai, yakuwa. An jera zogale a gefe ya zama rabin shinge. Fangalin albasa da tumatir an fitar da su fili inda rana take duka, don ba su son inuwa, ƴan itatuwa ƙanana kuwa an raɓa su jikin manya don su tsira daga zafin bazara. Rogo da dankali suna can ciki wajen danshi.

Taki na dabbobi ne. Makiyaya suna saukowa da rani, a ba su karan masara da ganyen dankali, su bar taki. Inna ta ja mana kunne cewa ba a zuba ɗanyen taki a fangali, ƙona shuka yake, yana kuma kawo ciyawa da tsutsa. Sai an tara shi a rami da toka da busasshen ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa, har ya yi baƙi ya daina wari.

Ban ruwa iri-iri muka gani. Har yanzu akwai masu guga da buta, akwai tsohon jigo a wani lambu. Amma yawanci yanzu ƙaramin foraji ne na tiyo, wanda ake haƙawa da hannu cikin yini ɗaya ko biyu tunda ƙasar ba dutse, sai a ɗora injin ban ruwa. Wasu injin da esansi yake aiki, wasu an mai da shi na kwalbar gaz don ya fi sauƙin kuɗi, ƙalilan kuma suna da na hasken rana. Inji ya rage wahala ƙwarai, aikin yini guda ya koma na awa ɗaya ko biyu. Sai dai ruwan kwari tukunya ɗaya ce kowa ke ɗiba. In injuna suka yi yawa, kowa na ja ba lissafi, mai guga shi ke fara ganin rijiyarsa ta ja baya. Baba da asuba da yamma liƙis kaɗai yake ba da ruwa, yana kuma rufe gindin itatuwa da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe.

Maganin ƙwari ma mun tambaya. Ga tsutsar kabeji da ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye, Inna tana daka ƴaƴan dogon yaro ta jiƙa su kwana, ta tace, ta sa ɗan sabulu, ta fesa da yamma. Maganin kanti sai in abu ya gagara, shi ma ba a tsinkar ganye a kai kasuwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Wanda ya rasa gane ciwon shukarsa yana iya neman malamin gona, ko ya aika hoto da muryarsa ta WhatsApp ga masu ba da shawara na RECA, haɗin gwiwar majalisun manoma na ƙasa, suna amsawa da Hausa.

Kowace shuka da agogonta

Wannan shi ne abin da ya fi shafar akwatinmu. Shukar lambu ba lokaci ɗaya take biyan mai ita ba. Ga yadda abin yake, gwargwadon iri da kulawa:

Salati, wata ɗaya zuwa kwana 45 bayan dashe.
Zogale, a fara yankan ganye bayan wata 2 zuwa 3, a ci gaba da yanka shekara da shekaru.
Tumatir, ya fara nuna bayan wata 2 da ƴan kwanaki, a yi makonni ana tsinka.
Kabeji da masara, wajen wata 3.
Albasa, kwana 40 zuwa 50 wajen renon iri, sannan wata 3 zuwa 4 bayan dashe.
Dankali, wajen wata 4.
Rogo, wata 8 zuwa shekara.
Rake da gwanda da ayaba, kusan shekara.
Lemu da mangwaro mai aure, shekara 3 zuwa 4.
Dabino, shekara 4 zuwa 5 in ɗa aka dasa, in ƙwallo ne ya fi haka.

Mai lambun kwari haɗa su yake duka, shi ya sa hannunsa ba ya bushewa. Salati da zogale na cefanen yau da kullum ne. Albasa da tattasai na kuɗin sallah da suturar yara. Rogo rumbu ne a cikin ƙasa, ba a tona shi sai hatsi ya ƙare, musamman tsakiyar damina lokacin da gida yake shiga matsi. Dabino kuwa na gado ne, wanda ya dasa ya ci, jikoki su ci.

Dabinon Manga

Dabinon wannan ƙasa yana da abin mamaki: sau biyu yake haihuwa a shekara. Akwai ƙaramar haihuwa da ke nuna cikin rani, akwai babba da ke nuna daidai faɗuwar damina. Babbar ita ce mai yawa, ita ce kuma mai hasara, don in ruwan sama ya same ta a bisa sai ta fashe ta ruɓe. Shi ya sa dabinon Manga yawanci ɗanye ake cinsa, ake gaggawar kai shi kasuwa, ba kamar busasshen dabinon Kawar da ayarin raƙuma ke kawowa daga wajen Bilma ba, wanda yake shekara a buhu.

Dabino akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa. In ƙwallo kika shuka, kusan rabi maza za su fito, ba za ki gane ba kuwa sai sun yi fure bayan shekaru, kuma ko macen ba lalle ta yi zaƙin uwarta ba. In kuwa ɗan da ya tsiro a gindin uwa aka cire aka dasa, to uwar ce sak, jinsi da zaƙi. Yawancin dabinon da muka gani daga ƙwallo suka tashi, sun yi cunkus, ba a rage musu ƴaƴa. Masu kula da nasu suna hawa su ɗaura furen namiji cikin na mace da hannu, ta haka namiji ɗaya yakan ishi mata da yawa, sauran wurin a bar wa masu haihuwa. Duk wadda za ta sayi dashen dabino, ta je ta ga uwar da idonta, ta ɗanɗana ƴaƴanta.

Rairayi

Daga lambun Baba muka hau tudun da ke arewa maso gabas da kwarin. Nan muka ga abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Rairayi ya gangaro ya binne goruba har wuya, sai kawunansu kaɗai a waje. A ƙarƙashin inda muke tsaye, an ce mana, da lambun wani ne.

Iskar hunturu daga wannan kusurwa take busowa wata da watanni. Muddin tudu yana da ciyawa da itace, rairayi a ɗaure yake. In fari ya kashe ciyawa, dabbobi suka tattake sauran, aka sare itace don girki, aka sare goruba don azara, to an kwance masa igiya. A hankali yake tafiya, shekara bisa shekara, har ya cinye zagayen goruba ya shiga fangali.

Maganinsa sananne ne, aiki ne kawai yake so. Ana yanko rassan kalumbo ko na goruba a kafa shinge mai tsayin ƙirji, a gicciye da hanyar iska, layi bayan layi, wani wuri a yi shi gida-gida kamar dara. Shingen ba a toshe shi ruf, ana barin iska ta ratsa ta rage ƙarfi ta zubar da rairayin a gindinsa. Da damina ta faɗi sai a dasa itatuwa a tsakani, irin su dakwara da kandili da aduwa, a watsa irin ciyawa. Abu mafi wuya shi ne tsaro: sai an hana dabbobi shiga shekara biyu ko uku. Kalumbon ma yanka ake, ba a tumɓuke shi, don ya sake toho. Malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tare da abokan aikinsu na Beljiyam sun yi gwajin wannan aiki a Cago da Woro, nan ƙasar Gure, a shekarun 2010 kuma gwamnati da hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun gudanar da shirin PLECO don kare kwarurrukan Gure da Maine Sorowa. Mun ga tudun da aka ɗaure, ciyawa ta rufe shi, mun kuma ga wanda aka bari bayan kuɗin aiki ya ƙare, shinge ya zube, an kwashe shi an hura wuta. Bambancinsu shi ne ko mutanen gari sun ɗauki aikin nasu ne ko na baƙi.

Kanwa

Kanwa arziki ce a nan. Mata da maza suna tattara ta a tsakiyar kwari in ruwa ya janye, a ɗura a buhu, manyan motoci su kwasa, da yawa Najeriya take tafiya, don dabbobi da girki. Amma kanwar nan ita ce kuma ciwon fangali. Inda ruwa yake kusa da sama, zafin rana yana jawo shi, ruwan ya tashi ya bar gishirinsa a fuskar ƙasa. In kuma ruwan rijiyar da kansa mai kanwa ne, to duk ban ruwa ƙari ne. Alamarta farin ɓawo a bakin fangali, bakin ganye ya ƙone, shuka ta tsaya cak. Albasa da karoti da wake su ne ba su jure ta ko kaɗan, tumatir ya ɗan fi su, dabino kuwa ya fi kowa haƙuri. Shi ya sa masu wayo suke ja da fangalinsu baya daga tsakiya zuwa wajen gindin tudu, inda ruwa ya fi daɗi, suna yawaita taki, suna rufe ƙasa da ciyawa. A kwari ɗaya sai ki sami rijiya biyu kusa da juna, wannan garɗi, waccan ɗaci.

Kasuwa

Noma wani abu ne, sayarwa wani abu. Kowa yana reno ne da kaka, ya dasa farkon ɗari, don haka kayan kowa tare suke nuna. Daga Janairu zuwa Maris tumatir da salati da kabeji su cika kasuwannin Gure da Gidigir da Subdu, farashi ya faɗi warwas. Ga hanyar rairayi, kafin amalanke ya kai kwalta rabin kwandon tumatir ya zama miya. Ga kuma iyaka: kudancin gundumar yana jingine da jihar Yobe ta Najeriya, cinikin yankin kuma ya dogara da ita sosai. Da aka rufe iyakar a 2019, aka sake rufewa a 2023, masu kanwa da masu kayan lambu sun ji a jikinsu, haka kuma duk lokacin da naira ta faɗi.

A nan ne muka ga hannun mata ya fi ƙarfi. Lokacin araha suna sayen tumatir su yanka su shanya ya zama kauɗa, su busar da kuɓewa da tattasai da ganyen zogale, su yi gabu da ganyen albasa. Da damina, in ɗanye ya ɓace, sai su fito da shi tiya-tiya. Shanyar bisa tabarma ko rumfa ake yi, ba a ƙasa ba, don kauɗa mai rairayi ba ta da mai saye na biyu. Ganye kuma a inuwa ake busar da shi don kada ya koɗe. Wasu masu lambun suna raba shukar salati kashi-kashi, tsakanin kowane kashi mako biyu, don kada ya nuna musu rana ɗaya. A ƴan shekarun nan da azumi yake faɗowa ƙarshen ɗari, wanda ya daidaita salati da lemun tsami da shi yana samun kasuwa.

Mata da ƙasa

Mun tambaya, a cikin lambunan nan nawa ne na mata? Kaɗan ne. Yawanci gado ne a hannun maza. Mata su ne wajen dashe da tsinka da shanya da talla da saƙar kaba, amma filin da suke nomawa da sunansu galibi aro ne. Al'ada kuma ba ta yarda mai aro ya dasa itace ba, don itace shaidar mallaka ce. Ke nan mace mai aro an tsare ta a salati da kabeji, ba ta isa dabino da lemu.

Wata ƙungiyar mata ta ba mu labarin da ya kamata kowa ta ji. Sun ari fili da baki, suka yi shinge, suka haƙa rijiya, suka zuba taki rani biyu. Da ƙasa ta gyaru, sai magadan mai filin suka ce suna son abinsu. Ba takarda, ba shaidu, haka suka tattara butocinsu suka fita.

Alhali dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo, yau kuma akwai su tun daga gunduma har ƙaramar hukuma da ƙauye. Ana rubuta takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina, da sa hannun mai gari da shaidu. Takardar aro tana iya faɗin shekara nawa, da ko an yarda a dasa itace, da makomar rijiya in wa'adi ya cika. Neman takarda ba rashin yarda ba ne ga mai fili. Mai fili na yau mutumin kirki ne, amma ba shi zai dawwama ba.

Abin da muka kawo wa akwati

Tsarin asusunmu na Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya fara, a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ana koyi da shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙarfinsa shi ne kuɗi yana fita ya dawo da wuri, wata ta karɓa. To lambu yana da abin da ya dace da wannan juyi, yana da wanda bai dace ba.

Mu yi lissafi. A ce mace ta ɗauki jika 20, dokar ƙungiyarta kuma riba 10 bisa 100 ce a wata, wato jika 2 duk wata. In salati ta shuka, cikin wata 2 ta sayar ta mayar da jika 24, ta huta. In rogo ta sa kuɗin, sai ta jira wata 10, bashin ya zama jika 40, ya ninka tun ba ta tona ko saiwa ɗaya ba, sauran mata kuma suna zaune suna jiran layi. In dabino ne, ai ba a ma fara lissafin ba.

Don haka ga shawarwarin da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a zamanta na gaba.

Na ɗaya, bashin akwati ya tafi ga abin da ke dawowa cikin wata 1 zuwa 3: iri, salati, zogale, kabeji, ko sayen tumatir lokacin araha don kauɗa, in an tsara biyan ya dace da lokacin sayarwa.

Na biyu, rijiya da shinge da inji da dashen itace a yi su da kuɗin rabo ranar fasa asusu, ko da wani zubi na dabam da aka ware musu, wanda ba riba ke bin sa ba.

Na uku, kada a yanke shawarar fili cikin ɗari, lokacin da ko'ina kore ne. A je a duba rijiyar a watan Mayu, ƙarshen bazara, a auna zurfinta da igiya, a ɗanɗana ruwan, a tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake shekara 10 da suka wuce. Kun tuna mun ce kwari yana sauka daga aji zuwa aji. Wanda ruwansa ke gudu, inji ba zai kamo shi ba.

Na huɗu, takarda kafin rijiya.

Na biyar, in za a sayi inji, ya zama na ƙungiya, duk wadda ta yi ban ruwa ta ajiye ɗan wani abu na gyara da mai, a kuma tsara ranaku da awanni tare da maƙwabtan lambu.

Na shida, a sa wa abin da ke tsare lambu rana da kaso. Goruba da shingen tudu ba a kai su kasuwa, shi ya sa kowa yake mantawa da su, alhali in sun tafi fangali ma ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a yi gayya, a yi renon itace tun rani don a dasa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace, a kuma zauna da makiyaya da mai gari a kan maganar tsaro tun kafin a kafa reshe ɗaya. Masu saƙar kaba kuma su bar wa kowace goruba ganyen da za ta rayu da shi.

Waɗanda garinsu ba kwari ba fadama, kada su ce wannan labarin ba nasu ba ne. Zogale biyar a bayan ɗaki, da gwanda ɗaya, da fangali guda na yakuwa da salati, ruwan alwala da na wankin hatsi ya ishe su, suna kuma rage kuɗin cefane, abin da aka rage ɗin shi ne zubin mako.

 Duk ƙungiyar da ke son ƙarin bayani ta sanar da wakiliyarta, za mu zo zamanku mu zanta baki da baki. Allah ya tsare wa mutanen Gure kwarurrukansu, ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a akwatunanmu. Amin.